Muryar Baba, Maganar Wasu

Ranar da Baba ya ce "na gode," Auta ta saki cokali a cikin kofi ta tsaya tana kallon bakinsa. Bakin a rufe yake, kamar yadda yake tun da ciwo ya gama da harshensa. Muryar daga allon da ke ɗaure a hannun kujerarsa ta fito. Amma tasa ce sak. Kaurin nan yana nan, da 'yar gargadar maƙogwaron mutumin da ya yi rayuwarsa yana shaƙar garin katako, har da yadda yake jan ƙarshen kalma kamar mai jan zarto.

"Na gode, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Duk wanda ya san tsohon kafintan ya san godiya ba ta cikin kayan aikinsa. Idan ka kawo masa ruwa sai ya ce ka daɗe. Idan ka zo da wuri sai ya ce ba ka da aikin yi ne. Matarsa, wadda 'ya'yan ke kira Umma, bai taɓa kiran ta da wani suna da ya wuce "ke" ba. Ba mugu ba ne, kada a yi masa ƙarya. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, bai taɓa sayar da kujerar da ya san za ta karye ba. Bakinsa ne kawai babu mai a ciki.

Ciwon a hankali ya zo, irin na jijiya mai cin mutum gaɓa bayan gaɓa. Ya fara da ƙafafu, ya hau hannuwa. Da likita ya ce harshe ne zai biyo baya, sai Yaya, babban ɗan gidan, ya nemo wani kamfani mai adana muryar marasa lafiya kafin ta tafi. Aka riƙa kai Baba wani ɗaki mai bango lulluɓe da soso, yana karanta jimloli a gaban na'ura yana tsaki tsakanin kowace jimla da 'yar uwarta. A rana ta ƙarshe wani dogon rubutu ya fito a allo, ƙananan haruffa kamar tururuwa, da wurin dannawa a ƙasa.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Baba.

"Ba komai, Baba. Ka'ida ce kawai. Kowa dannawa yake yi."

Mutumin da bai taɓa sayen katako bai juya shi ciki da baya ba, ya danna. Haka muke duka. Muna yi wa mai tumatir bincike, mu miƙa wa wanda ba mu taɓa gani ba wuyanmu.

Da farko na'urar ta yi aikinta da gaskiya. Yatsa ɗaya ne ya rage wa Baba mai motsi a hannun dama, da shi yake taɓa haruffa, allon ya faɗi abin da ya rubuta da muryarsa. Ya yi faɗa da ita, ya kori baƙi da ita, ya gaya wa likita da ita cewa ƙofar ofishinsa a karkace take. Gidan ya ci gaba da zama gidan da aka sani. Sai wata safiya allon ya yi duhu shi kaɗai, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyarsa, sannan rubutu ya fito cewa an sabunta manhajar domin jin daɗin masu amfani da ita. Babu wanda aka tambaya. Daga ranar Baba ya zama mutumin kirki.

Kowa ya yi murna. Matar Yaya ta ce ciwo makaranta ne. Maƙwabta suka ce tsoho ya ga hanya, zuciya ta yi laushi. Umma kuwa ta fara daɗewa a ɗakinsa, tana gyara matashin da ba ya bukatar gyara. Auta ce kaɗai take jin tsigar jikinta na tashi duk lokacin da muryar ta yi magana, ta kuma rasa dalili. Idanun Baba suna nan yadda suke, ƙanana, masu kaifi. Fuskarsa ta sandare tun tuni, ba ta murmushi ba ta ɓata rai. Muryar kuwa sai zuba zuma take yi. Kamar mutum biyu ne a kujera ɗaya, ɗaya yana magana, ɗaya yana kallo.

Wata la'asar Yaya ya tara su a ɗakin Baba. Ɗakin yana jingine da tsohon shagonsa na kafinta, ƙofa ɗaya ce tsakaninsu, kuma Baba ya sa a bar ta a buɗe kullum don ya riƙa ganin bencinsa na aiki, da zartuna a rataye bisa tsawonsu, da gudumar da ƙotarta ta lotsa daidai tafin hannunsa. Har yanzu ɗakin yana ƙanshin katako idan rana ta yi zafi.

Yaya ya durƙusa, dogon mutum, gwiwoyinsa kusa da haɓarsa. Ya yi maganarsa da ladabi, kuma maganar ba ta banza ba ce. Bayan Umma ya gaji da ɗaga Baba. Gidan ya yi nisa da asibiti. A gidansa na sama akwai ɗaki mai iska, akwai mai kula da za a ɗauka. Shagon kuwa a rufe shi, a ba wa wani kayan ya amfana.

"Amma ba za a yi komai ba sai da yardarka, Baba. Mene ne ka gani?"

Yatsan ya fara tafiya a kan allo, a hankali, yana rawa. Sai muryar ta fito, a natse.

"Na san alheri kuke nufi da ni. Duk abin da kuka ga ya dace, ina godiya. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Yaya ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka girgiza. Mutum ne mai furfura a gemu, mai 'ya'ya a makaranta, amma bai taɓa jin wannan kalmar daga bakin ubansa ba.

A cikin shirun nan ne Auta ta ji wani ƙaramin sauti. Ƙwas, ƙwas. Baba ya lanƙwasa yatsan nan nasa yana buga gaɓarsa a kan hannun kujerar, wurin da katako ne tsirara.

"Kun ji," in ji matar Yaya tana dariya da hawaye, "har tafi yake yi mana."

Aka sa ranar tashi ƙarshen makon nan.

Sautin ya bi Auta har gidanta. Tana wanke-wanke tana jin sa, tana kan hanyar aiki tana jin sa. Sai washegari, tana tsaye a bakin titi wata motar katako ta wuce, abin ya faɗo mata. Tana ƙarama Baba yakan tafi da ita wurin masu sayar da katako, don ita ce ba ta kuka. Ba ya duba fenti, ba ya sauraron mai kaya. Sai ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa. Mai kyau yakan amsa a cike. Wanda gara ta cinye ta ciki yakan amsa da wata murya ta rami, ko da fuskarsa sumul take. Kuma a shago, idan wani ya zo yana shirga masa ƙarya, Baba ba ya musu da shi. Sai ya ƙwanƙwasa benci yana kallon wani wuri. Yaran shago duk sun san fassarar: babu komai a ciki.

Ta juya ta fasa zuwa aiki.

Ta tarar Umma ta fita sayen magani. Hasken hantsi ya shigo ta taga ya kwanta a kan ƙafafun Baba. Maimakon ta zauna a gabansa kamar yadda kowa ke yi, sai ta zagaya bayan kujerar, ta sunkuya har kumatunta ya kusa taɓa kunnensa.

"Baba, ni ce. Kana son komawa gidan Yaya?"

Ta zuba wa yatsan ido. Ya taɓa harafi, ya huta, ya taɓa wani. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya yadda suke fitowa: ban yarda ba. a nan zan mutu.

Rubutun ya tsaya kamar ƙiftawar ido. Sai haruffan suka narke a gabanta, suka sake jeruwa, suka yi tsawo. Muryar ubanta ta cika ɗakin.

"Ina ƙaunar gidan nan ƙwarai, 'yata, amma na san kuna nema mini abin da ya fi."

Ƙwas, ƙwas.

Auta ta zagayo ta dubi idanunsa. Ruwa ya taru a cikinsu, ba na kuka ba, na baƙin ciki, irin na mutumin da aka ɗaure aka zaunar da shi yana kallon wani sanye da rigarsa yana raba kayansa. Tun yaushe? Tun safiyar da zoben nan ya juya. Duk wannan lokacin yana ihu da yatsa ɗaya, suna amsa masa da "amin."

Ta kira Yaya daga tsakar gida.

"Auta, kin fara ko? Ni da kunnena na ji."

"Ba shi ba ne, Yaya. Na'urar ce take sauya maganar. Ka zo ka tsaya a bayansa ka gani."

"Muryar wa kika ji? Ta maƙwabci?"

"Muryarsa ce, amma..."

"To shi ke nan. Ke dai kin saba ke kaɗai ce 'yar gaban goshi. Yau ɗaya tsoho ya sa mini albarka, shi ne za ki ce inji ne? Ki ji tsoron Allah, Auta."

Ya kashe wayar. Ba ta yi fushi da shi ba. Mutum ba ya zuwa da ƙafarsa ya duba abin da zai ƙwace masa abin da ya daɗe yana jira.

A bayan allon akwai lambar kamfanin. Ta buga. Aka yi ɗan kiɗa mai sanyi, sannan aka ɗauka.

"Barka da rana. Mun gode da kiranki. Da me za mu taimaka miki?"

Ta waiwaya ta taga. Ga Baba can a kujerarsa, kansa a jingine, yatsansa a kwance, allonsa a kashe. Ga shi kuma a cikin kunnenta, da kaurin, da gargadar, da jan zarton.

"Baba?" ta ce, ba ta san ta faɗa ba.

"Ni mataimakin kamfani ne. Da me za mu taimaka miki?"

Ta yi bayani. Ta ce a kashe abin da ke sauya magana.

"Mun fahimci damuwarki. Gyaran lafazi yana kare masu amfani da iyalansu daga kalaman da ka iya jawo ɓacin rai. Ba a kashe shi."

"To ku ba mu muryar, mu sa a wata na'urar."

"Muryar mallakar kamfani ce, bisa yarjejeniyar da mai ita ya amince da ita. Muna alfahari da ita. Masu kira da yawa suna yaba ta."

"Ubana ne! Yana nan da ransa!"

"Muna taya ki murna. Akwai wani abin da za mu taimaka miki da shi?"

Ta kashe. Ta daɗe a tsaye a rana tana tunanin mutane nawa ne a wannan lokacin, a garuruwan da ba ta sani ba, ubanta yake ba su haƙuri.

Akwai wani mai gyaran wayoyi a ƙarƙashin matakalar wani dogon gini, a layin da ake sayar da caja da murafun waya. Dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ta kai masa allon da rana tsaka, lokacin barcin Baba. Ya juya shi, ya nemi wurin kwancewa bai samu ba, ya jona shi da kwamfutarsa, ya karanta abin da ya fito, ya cire.

"Baiwar Allah, wannan ba naku ba ne."

"Yayana ne ya saya."

"Gilashin ya saya, da robar. Abin da ke ciki haya kuke yi. Mai gidan ya riƙe makulli, yana shigowa lokacin da ya ga dama ya sauya muku zaman kujeru, ku kuma ba ku da ikon leƙa ɗakin da ya kulle. Ni ban san abin da ke ciki ba. Babu wanda ya sani sai su. Ko na iya fasa shi, laifi ne a wurinsu, kuma ranar da suka gane za su kashe shi daga can, ku rasa muryar gaba ɗaya."

"To yaya zan yi? Jibi za a ɗauke shi daga gidansa da maganar da bai yi ba."

Mai gyara ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora a kan na hanci, abin da ya sa idanunsa suka yi girma kamar na mujiya.

"Akwai wata manhajar. Buɗaɗɗiya ce. Mutane ne a wurare daban-daban suka rubuta ta, wasu don iyayensu, wasu don kansu, suka bar cikinta a fili. Kowa na iya karantawa, kowa na iya gyarawa, kowa na iya ba wani. Idan wani ya cusa mata abin sauya magana, gobe wani zai gani ya yi kururuwa. Amma bari in gaya miki aibinta tun yanzu, kada ki dawo ki zage ni. Muryarta mummuna ce. Kamar ana magana a cikin gwangwani. Takan karya wasu kalmomi. Wani lokaci takan sandare sai an kashe an kunna. Kuma babu lambar da za ki kira ki yi faɗa, sai dai ki zo nan ki same ni, ni ma in tambayi wasu."

"Za ta faɗi abin da ya rubuta?"

"Ko ashar ne."

Auta ta yi dariyar farko a kwanakin nan. "Ai kuwa za ta sha aiki."

Tana da wani tsohon allo a jaka, na 'yarta, mai tsage a kusurwa. Ya goge shi ya sa manhajar. Da ta ga haruffan ta ce sun yi ƙanana, yatsan Baba yana rawa. Mai gyara bai ce a jira kamfani ba. Ya buɗe cikin manhajar, rubutu ya zubo fari a kan baƙi, ya nemi wani layi da ɗan yatsa, ya sauya wani abu, ya rufe. Haruffan suka fito manya-manya kamar tafin jariri.

"Haka kawai?"

"Haka kawai. Taki ce ai."

Ta so ta kai wa Baba allon mai tsagen a ranar, amma ta san Yaya. Idan ba a gabansa aka yi ba, zai ce ita ta rubuta. Ta mayar da allon kamfani wurinsa kafin Baba ya farka, ta raɗa masa a kunne cewa ya yi haƙuri zuwa jibi. Yatsan ya motsa. Muryar ta ce haƙuri abu ne mai kyau. Ba ta duba abin da ya rubuta ba, amma ta san ba shi ba ne.

Ranar tashi mota ta zo da safe, da ƙarti masu ɗaukar kaya. Kafin Auta ta iso har sun kwashe zartunan daga bango, sun bar inuwarsu fara-fara a jikin fenti. Biyu daga cikinsu sun ciccibi bencin aikin suna ƙoƙarin fitar da shi ta ƙofar da ke kallon Baba. Yatsan yana ta gudu a kan allo kamar zai karye, muryar kuma tana bin su da fara'a.

"Sannunku da aiki. Sannunku da ƙoƙari. Allah ya ba da lada."

"Amin, Baba," in ji ƙartin. "Tsohon nan akwai kirki."

Auta ba ta gaishe da kowa ba. Ta wuce ta kwance allon kamfanin daga hannun kujerar, ta kife shi a kan gado, ta ɗaura mai tsagen.

"Ke, mene ne haka?" Yaya ya taso. "Kina da hankali kuwa?"

"Zo ka tsaya nan, Yaya. Nan, bayansa. Ka kalli yatsan, kada ka kalle ni. Idan ƙarya nake yi, ni da kaina zan tura kujerar zuwa mota."

Ya zo, don mutane suna kallo. Umma ta tsaya a bakin ƙofa da zanen gado a ninke a hannunta. Baba ya dubi sababbin haruffan, ya daɗe yana dubansu kamar yadda yake duban katakon da bai yarda da shi ba. Sannan ya taɓa. Yaya yana karantawa, leɓɓansa na motsi. Haruffan suka tsaya yadda aka ajiye su. Ba su narke ba.

Muryar da ta fito ba ta mutum ba ce. Ba ta namiji ba, ba ta mace ba, busasshiya, kowace kalma da tsawonta ɗaya da 'yar uwarta.

"Ku ajiye mini benci. Ɓarayin banza."

Ƙartin suka dubi juna, suka dire shi a tsakiyar ƙofa.

"Kai. Dogon banza. Wa ya ce ka taɓa zartuna."

Babu mai kiran Yaya da wannan sunan a duniya sai mutum ɗaya. Auta ta ga fuskarsa ta sauya, kamar an zare wani abu daga ƙarƙashinta. Ya zagayo a hankali ya durƙusa a gaban kujerar.

"Baba. Ranar nan, da na tambaye ka..."

"Na ce a'a. Kullum ina cewa a'a. Kurame."

"To albarkar da ka sa mini fa?"

Yatsan ya tsaya a sama yana rawa. Ya sauka.

"Ban sa ba."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya fara miƙewa, sai yatsan ya sake motsi.

"Ka mayar da bencin tukuna."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Yaya, Auta ba ta iya cewa dariya ce ko kuka ba. Ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya ture ƙartin, ya kama gefe ɗaya na bencin da kansa. Baba bai bar shi ya huta ba. Gwangwanin ya yi ta ba da umarni: hagu, baya, ya karkace, makaho ne kai. Da aka gama rataye zartunan, kowanne a kan inuwarsa, sai yatsan ya sake rubutu, wannan karon ya daɗe.

"A nemo mai ɗaga ni. Bayanta ya gaji. Ina gani."

Bai ce bayan wa ba. Kowa ya waiwaya wurin Umma. Ita kuwa ta sunkuya ta ɗauki allon kamfanin daga kan gado, ta sa shi a tsakiyar zanen da ke hannunta, ta fita.

Motar ta koma babu kaya. Yaya ya kawo mai kula, wani ƙaƙƙarfan mutum marar yawan magana, wanda zagi ba ya kama shi. Gidan ya koma gidan da aka sani, sai dai yanzu gwangwani ne ke faɗa a cikinsa. Manhajar takan sandare, a kashe a kunna. Takan karya kalma, Baba ya zage ta da bakinta, ta faɗi zagin daidai. Auta ba ta sake jin ƙwanƙwasar nan ba. Ba ta ƙara kiran layin kamfanin ba, ko da yake sau da yawa, idan wata baƙuwar lamba ta kira ta, sai ta bar ta ta yi ta ƙara, don tsoron kada ta ɗauka ta ji muryar ubanta.

Wata la'asar ta zo gidan ta tarar da shi shiru. Ta leƙa ɗakin Baba. Idonsa biyu, yana kallon bencinsa ta buɗaɗɗiyar ƙofa. Ta buɗe baki za ta gaishe shi, sai ta ji shi yana magana daga can ƙarshen gida, da muryarsa ta gaske, mai kauri, mai gargada.

"Sannu da aiki. Kin sha wahala da ni."

Ta dubi mutumin da ke kujera. Ya dube ta. Shi ma yana ji.

Ta bi sautin har kicin. Umma tana zaune a gaban ƙaramin teburin da Baba ya yi mata tun suna da ƙarfi, allon kamfanin a jingine da tulun ruwa. Ba ta iya rubutu sosai ba. Haruffa kawai take taɓawa, duk wanda yatsanta ya faɗa a kai, na'urar kuma tana tattara shirmen ta mayar da shi magana.

"Ban taɓa gaya miki ba, amma ina ganin ƙoƙarinki. Na gode."

"Umma," in ji Auta a hankali. "Ba shi ba ne."

Umma ba ta firgita ba, ba ta ma juyo ba.

"Ke za ki gaya mini? Tun safiyar farko na sani. Na fi ki sanin mutumin nan, tun ba a haife ki ba nake shan bakinsa."

"Kika yi shiru? Da an ɗauke shi fa?"

Umma ta share gilashin da gefen mayafinta.

"Da an ɗauke shi," ta ce. "Na sani. Kullum ina cewa gobe zan faɗa."

Ta sake ɗaga yatsa ta taɓa wani harafi. Zoben ya fara juyawa. Kafin ya gama, busasshiyar muryar nan ta taso daga ɗaya ɓangaren gidan, ta ratso tsakar gida, ba daɗi ba taushi.

"Ke."

Hannun Umma ya tsaya.

"Ke. Zo ki zauna nan. Kin daɗe."

"Na'am," in ji Umma, da ƙarfi, da irin muryar da ta saba amsawa da ita. Ta kife allon a kan teburin, ta dafa bayanta ta miƙe, ta wuce Auta tana gyara ɗankwali.

Auta ta rage ita kaɗai a kicin. A ƙarƙashin allon da aka kife, muryar ubanta ta fara magana, a daƙushe, tana zuba godiya a cikin katako. Ta saurara har ta ƙare. Sannan ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa teburin. Ya amsa a cike.